Aikin Jinya Ko Aikin Hoton Asibiti: Wanne Zan Zaɓa?

 Ina godiya ga malaminmu na Hausa da ya ba ni wannan fili domin in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya hana ni barci wata da watanni, wanda kuma na san ba ni kaɗai ya dama ba a cikin 'yan aji shida na ɓangaren kimiyya. Al'amarin kuwa shi ne zaɓen abin da mutum zai karanta bayan ya bar wannan makaranta. Ni dai tun ina aji uku na ƙudura a raina aikin asibiti zan yi. Amma da lokacin cika takardar JAMB ya matso, sai na tarar ashe asibiti gari ne guda mai unguwanni da yawa, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Hanyoyi biyu suka tsaya mini a gaba, watau aikin jinya, wanda muka fi sani da aikin nas, da kuma aikin ɗaukar hoton cikin jikin marar lafiya. Ga yadda na auna su, ko Allah ya sa wani ya ƙaru.

Yadda abin ya faro

A hutun damina na bara, kakata ta wajen uba, wadda na ci sunanta, ta zame a bakin rijiya da sassafe, ta faɗi ta gefen dama, ta kasa tashi. Da aka ɗauke ta aka kwantar, sai muka ga ƙafar nan ta ɗan gajarta, tafin kuma ya juya waje. Nan da nan gida ya rabu biyu. Waɗansu suka ce a kira mai ɗori, tun da shi ya ɗora hannun ƙanena shekara biyu da suka wuce, ya kuwa warke sarai. Babana ya ce a'a, wannan ciwo yana can cikin ƙugu inda hannu ba ya kaiwa, a fara zuwa asibiti a ga abin da ke ciki tukuna. Aka nemo mota aka kai ta babban asibitin garinmu. Da yake muna hutu, kuma ni ce babba cikin jikokinta mata, sai aka ce ni zan zauna jinya tare da gwaggona. Kwana 23 muka yi a can, kuma abin da na gani a cikinsu ya fi duk wanda na taɓa ji, gama gani ya kori ji.

Ranar farko likita ya rubuta takarda ya tura mu ɗakin hoto. Muka tarar da wani malami mai sanyin magana, ya tambayi sunan Kaka da shekarunta da gefen da ke ciwo, ya gwada da abin da ke rubuce. Sa'an nan ya sa aka ɗora ta bisa tebur a hankali, ya aza wani ɗan harafi na dalma a gefe domin kada a rikita dama da hagu, ya ce mu fita waje. Hoto biyu ya ɗauka, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe. Na tambaye shi dalili, ya ce karayar da ta ɓuya ta fuska ɗaya takan bayyana ta ɗaya fuskar. Da hoton ya fito a allon kwamfuta sai ga karaya a wuyan ƙashin cinya, dab da inda kansa ke shiga kwarmin ƙugu. Duka aikin bai kai minti 20 ba, amma a kansa likita ya tsai da shawarar yin tiyata. Daga nan sai Kaka ta koma hannun ma'aikatan jinya, dare da rana.

Abin da aikin jinya ya ƙunsa

Kafin wannan zama, ni a ganina aikin nas bai wuce allura da raba magani da farar riga ba. Ashe waɗannan su ne masu sauƙin. Likita yakan zo zagaye ya tsaya a kan gado 'yan mintoci ya wuce, amma ɗakin marasa lafiya ba ya rabuwa da nas ko na awa guda, masu aikin safe su miƙa wa na rana, na rana su miƙa wa na dare. Su ke auna zafin jiki da bugun zuciya da numfashi da hawan jini, su rubuta. Su ke wanke rauni, su lissafa ɗigon ƙarin ruwa, su auna fitsarin da ya fita su gwada shi da ruwan da ya shiga. Su ke juya tsohuwa kowace awa biyu don kada fatar bayanta ta zama gyambo saboda kwanciya. Idan kuma ta ƙi abinci, ko ta ce ita gida za ta, su ne masu lallashi.

Wannan aiki yana da tarihi mai tsawo. Littattafan tarihin Musulunci sun ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, a cikinsu har da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Tsarin makarantar jinya irin ta zamani kuwa ana danganta shi ga Florence Nightingale, mutuniyar Ingila. A shekarar 1854 ta ja ayarin mata 38 zuwa asibitin sojan Ingila a Turkiyya lokacin yaƙin Kirimiya, inda ta tarar cututtukan ƙazanta sun fi raunin fagen fama kashe soja. Ta dage a kan tsabta da abinci da rubuta lissafin masu mutuwa da dalilinsu. A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan, kuma ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya. A wannan makaranta tata ce Kofoworola Pratt ta yi karatu, wadda a 1964 ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan.

Wanda ya gama karatun jinya yana da rassa da yawa da zai iya ƙwarewa a kansu, kamar ungozoma, da aikin ɗakin tiyata, da jinyar yara, da ta masu taɓin hankali, da ta ido, da lafiyar jama'a a karkara. Kuma aiki ne na maza da mata, ko da yake mata sun fi yawa a cikinsa.

Abin da aikin hoto ya ƙunsa

Aikin hoto shi ƙarami ne a shekaru. Ran 8 ga Nuwamba, 1895, wani shehun malamin Fiziks a garin Wurzburg na Jamus, mai suna Wilhelm Rontgen, yana gwaji da lantarki a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, sai ya gano wani haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa takarda da katako da naman jiki. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya sa masa harafin X, irin wanda muke sa wa abin da ake nema a darasin Lissafi. Shi ne hasken da muke kira eksire. Bayan 'yan makonni ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa suka fito har da zobenta. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin Fiziks.

Yadda hoton ke samuwa ba shi da wuyar ganewa. Haske ne ake turawa ya ratsa jiki ya faɗa a kan faranti a ɗaya gefen. Ƙashi yana da ƙarfi, yana tare yawancin hasken, sai wurinsa ya fito fari. Huhu cike yake da iska, hasken yana wucewa, sai ya fito baƙi. Tsoka da kitse suna tsakani, ruwan toka. Saboda haka idan ruwa ko mugunya ya taru a huhu, sai a ga fari inda ya kamata a ga baƙi.

Yau aikin ya wuce eksire kaɗai. Akwai sikanin da ake yi wa mata masu ciki, wanda babu hasken eksire a cikinsa ko kaɗan. Sauti ne mai kaifin da kunne ba ya ji ake turawa cikin jiki, ya daki abu ya dawo kamar amsa-kuwwa, na'ura ta mai da shi hoto. Wani likita a Gilasgo ta Sikotilan, Ian Donald, shi da abokan aikinsa suka bayyana amfaninsa a 1958. Akwai na'urar CT, wadda ke zagaya mutum da hasken eksire, kwamfuta ta fito da jiki yanka-yanka kamar an yanyanka burodi. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan marar lafiya a Landan a 1971. Akwai kuma MRI, mai aiki da ƙaƙƙarfan maganaɗisu, wadda ta fi kowacce nuna ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin gaɓoɓi. Ƙarfin maganaɗisun nan ya isa ya fizgo almakashi ko tulun iskar numfashi daga nesa, don haka ba a shiga ɗakinta da ƙarfe.

Ya kamata a bambanta mutum biyu da akan rikita. Akwai mai ɗaukar hoton, wanda ya san yadda za a kwantar da marar lafiya, da yawan hasken da ya dace da jariri da wanda ya dace da ƙato, da yadda za a sami hoto mai kyau tun karo na farko. Akwai kuma likitan hoto, wanda ya gama karatun likita sa'an nan ya ƙware a kan fassara hotuna. Ni na farkon nake magana a kai.

Daren da ayyukan biyu suka haɗu

A dare na tara, wajen ƙarfe biyu, Sistar da ke aikin dare ta zo wucewa ta gaban gadon Kaka sai ta tsaya. Ni da ke zaune a gefen gadon ban ga kome ba, ina cewa barci take yi. Sista ta dubi agogonta ta ƙirga numfashin, ta sami 30 a minti guda, alhali na babban mutum mai lafiya tsakanin 12 ne da 20. Ta auna zafin jiki ta sami 39, maimakon wajen 37. Ta kira Kaka, Kaka ta amsa da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun ban zo duniya ba. Nan take ta ɗaga kan gadon, ta sa mata iskar numfashi, ta aika a kira likita. Likita ya ce a ɗauki hoton ƙirji. Da yake ba ta ɗaukuwa, sai ga malamin nan na ɗakin hoto ya turo ƙaramar na'ura mai taya har bakin gado, idonsa jajir don barci. Hoton ya nuna fari a gindin huhun dama, watau ciwon nimoniya, wanda yakan kama tsofaffi idan sun daɗe a kwance. Kafin asuba an fara yi mata allurai, bayan kwana uku zazzaɓin ya sauka.

Da Sista ba ta tsaya ba, da ba wanda zai nemi hoto sai gari ya waye. Da kuma ba a sami hoton ba, da likita sai ya yi aiki da zato. A wannan dare na daina tambayar wane aiki ya fi wani daraja, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tambayar da ta rage ita ce wanne ya dace da ni.

Tsoron iyayena

Da muka koma gida na faɗa wa iyayena abin da ke raina, sai kowannensu ya ɗauki gefe, kuma kowa tsoro ne ya sa shi. Innata ta ce in yi hoto, wai aiki ne na rana mai tsabta, mace ta tashi ƙarfe huɗu ta koma ɗakinta, ba kwanan asibiti. Babana kuwa ya ce, "Uwata, jinya za ki yi. Na ji an ce hasken nan yana hana haihuwa, ba zan kai ki inda za a ƙone miki zuriya ba."

Maganar Inna daren Kaka ya riga ya amsa ta, gama haɗarin mota da faɗuwar tsofaffi ba su san ƙarfe huɗu ba, kuma duk babban asibiti yana da mai hoto da ke jiran kira da dare. Maganar Baba ce ta sa na koma wurin malaminmu na Fiziks, na kuma sake komawa ɗakin hoto da tambayoyina, don matambayi ba ya ɓata.

Tsoron Baba yana da tushe. Mutanen farko da suka yi aiki da wannan haske ba su san illarsa ba, suna sa hannuwansu a gabansa kullum. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, sai da aka yanke masa hannuwa biyu, ya mutu da ciwon daji a 1904. Daga irin wannan ne aka koyi dokoki uku na kariya. Ta farko, rage lokacin da ake yi kusa da hasken. Ta biyu, nisa: idan ka ninka nisanka da na'urar sau biyu, abin da zai same ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, idan sau uku, ɗaya cikin tara. Ta uku, shamaki: bango mai kauri, da gilashi mai dalma, da rigar dalma. Na'urar eksire ba ta fid da haske sai lokacin da aka danna maɓalli, da an saki kuwa ya ƙare, ba ya saura a ɗaki kamar hayaƙi. Kowane ma'aikaci yana maƙala wani ɗan ma'auni a rigarsa, wanda ake dubawa lokaci lokaci a ga abin da ya taru masa. Ma'aunin wannan haske sunansa milisibat. Ƙa'idar duniya ita ce kada ma'aikaci ya wuce 20 a shekara, idan aka yi kintacen shekara biyar, alhali kowannenmu yana samun wajen 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, ko bai taɓa shiga asibiti ba. Adadin da ke hana mace haihuwa kuwa ya ninka haddin shekara na ma'aikaci fiye da sau 100. Ma'aikaciyar da ta sami ciki ana so ta faɗa da wuri domin a gyara mata aikinta, a kare abin da ke cikinta.

Sa'an nan na nuna wa Baba cewa jinya ma tana da nata haɗarin, wanda ba ma'aunin da ke ƙirga shi. Allurar da aka yi wa mai ciwon hanta tana iya soke nas, mai tarin fuka yana iya yi mata tari a fuska. Zazzaɓin Lassa an fara gane shi ne a 1969, bayan ya kama wata nas 'yar mishan a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos ta mutu, nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta mutu, ta ukun da kyar ta tsira. A 2014 kuma, da cutar Ebola ta shigo Legas, cikin waɗanda suka rasu har da Dokta Stella Adadevoh da wata nas, Justina Ejelonu, waɗanda suka duba mutumin da ya kawo ta. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba. Nufina shi ne duka ayyukan biyu bin ƙa'ida ne ke tsare mai yinsu, bayan tsarewar Allah.

Hanyar karatu

Ƙofar shiga ɗaya ce. Duka biyu ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A JAMB kuma Turanci ne da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Daga nan hanya ta rabu. Jinya tana da ƙofa biyu. A da akan yi shekara 3 a makarantar jinya, yanzu da yawa daga cikinsu an mai da su kwalejoji, inda ake yin shekara 2 a sami ƙaramar difloma, a ƙara 2 a sami babba. Ko kuwa mutum ya yi digiri na shekara 5 a jami'a. Kowacce ya bi, sai ya ci jarrabawar Majalisar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, kafin ya sami lasin. Aikin hoto kuwa digiri ne na shekara 5, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, a ƙarƙashin hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti da aka kafa da dokar 1987. Cikin jami'o'in Arewa da ke koyar da shi akwai Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri.

A nan jinya ta fi sauƙi ga ɗan talaka. Makarantunta sun fi yawa kuma sun fi kusa da gida, ana bukatar nas har a ƙaramin asibitin ƙauye, alhali mai hoto sai inda akwai na'ura da wutar da za ta ja ta. Babana hatsi yake sayarwa, mu tara ne a gabansa, saboda haka wannan lissafi ba abin rainawa ba ne a gidanmu.

Abin da na gane game da kaina

Akwai abu biyu da suka faru a asibiti waɗanda suka fi duk wannan bayani nauyi a wurina. Na farko ina jin kunyar faɗarsa, amma zan faɗa. A dare na 14, Kaka ta tashe ni karo na biyar tana neman fo, sai na ji bakina ya ce, "Haba Kaka, ba yanzu kika yi ba?" Sista tana ji. Ba ta ce mini kome ba, ta zo ta ɗauki fo ɗin da kanta, tana yi wa Kaka ba'a har ta yi dariya, alhali gadaje fiye da 20 ke hannunta. Da safe na je na ba ta haƙuri. Ta ce, "'Yata, ke jikarta ce, kwana 14 kin gaji. Ni ba jikar kowa ba ce a ɗakin nan, shekarata 19 ke nan. Haƙuri ana koyonsa, amma ki tambayi zuciyarki ko tana son ta koye shi a nan." Na tambayi zuciyata. Na tarar duk sanda na sami sarari, ƙafata ɗakin hoto take kai ni, in tsaya a bakin ƙofa ina tambaya me ya sa wannan ya fito fari, me ya sa aka karkata na'ura haka. A aji ma Fiziks ne darasin da ba na jin ƙarar ƙararrawa idan ana yinsa.

Na biyu, wata rana ina zaune a bencin ɗakin sikanin, kusa da wata mata sa'ar innata, wadda ta gaya mini ƙululu ne ya fito mata a mama wata huɗu ke nan. Da ta leƙa ta ga namiji ne zai duba ta, sai ta naɗe takardarta ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce za ta dawo wani lokaci. Na roƙe ta ta tsaya, ta ce, "'Yar nan, ba za ki gane ba." Har muka bar asibitin ban sake ganinta ba. Na kuwa gane. Da mace ce a ɗakin nan, da ta shiga.

Na kai wa Baba waɗannan duka, har da lissafin milisibat a takarda. Ya yi shiru, ya ce in ba shi kwana uku. Ashe da kansa ya tafi asibitin ya nemi malamin ɗakin hoto, ya tambaye shi 'ya'yansa nawa. Da ya dawo ya ce, "Uwata, cika abin da kike so. Kuɗin shekara biyar Allah ya hore, amma ki sani ƙannenki suna bayanki, babu maimaita aji." Na cika aikin hoto. Gurabensa kaɗan ne, masu nema da yawa, idan makina bai kai ba zan nemi kwalejin jinya, kuma ba zan ga na faɗi ba, domin na ga abin da Sista ta yi da ƙarfe biyun dare. Aminiyata ta aji, wadda tun muna aji ɗaya ita ke kwana da duk wadda zazzaɓi ya kama a ɗakin kwananmu, ita jinya ta cika, kuma na tabbata ta yi daidai.

Shawarata

'Yan'uwana, musamman 'yan aji huɗu da biyar, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku zaɓi aiki saboda riga, ko saboda an ce ana fita waje da shi. Ku nemi izini a hutu ku je asibiti, ku yi wuni guda a ɗakin marasa lafiya, wuni guda a bakin ɗakin hoto, gama zuwa da kai ya fi aike. Sa'an nan kowa ya tambayi kansa: Ina iya zama da mutum ɗaya mako uku ina wanke shi, ko kuwa na fi son mutane da yawa, kowa da ɗan lokacinsa? Jini da wari suna kora ta? Fiziks da na'ura suna ba ni sha'awa ko ciwon kai? Ina iya bin ƙa'ida ko ba mai kallona? Aljihun gidanmu zai ɗauki shekara nawa? Wane aiki ne garinmu ya rasa mai yi?

Ku kuma iyayenmu, Allah ya saka muku da alheri, mun san ƙauna ce ke sa ku tsoro. Roƙonmu shi ne idan kun ji an ce, ku je ku tambayi masu aikin kamar yadda babana ya yi, sa'an nan ku dubi halin ɗanku, wanda kun fi kowa saninsa.

Kaka yanzu tana takawa da sanda har zaure. Kullum ta gan ni da littafi sai ta ce, "Takwara, ki yi sauri ki gama, ɗaya ƙafar ke nake so ki ɗauka." Ni kuwa in ce Allah ya kiyaye, ba ma fatan ta sake faɗuwa. Jarrabawa dai tana tafe, ina roƙon ku sa mu a addu'a. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, ya zaɓa wa kowa abin da ya fi alheri, amin.